Wa ya zaɓi littattafan da ke cikin Littafi Mai Tsarki?

Tambayarka, ɗan'uwa, kashi uku ce ko da yake a dunƙule ka aiko ta. Ka ce a wata muhawara an gaya maka cewa Sarki Konstantin na daular Roma ne ya tara bishop-bishop a garin Nikiya a shekara ta 325, suka ɗauki bishara huɗu suka ƙone sauran, har da ta Barnaba. Ka kuma lura cewa Littafi Mai Tsarki na maƙwabcinka ɗan Katolika yana da littattafai 73, naka kuwa 66. Shi ne kake so ka ji: wa ke da ikon cewa wannan littafi Maganar Allah ne, wancan ba ita ba ce? Ikkilisiya ce ta ba Littafin iko, ko Littafin ne ya ba ikkilisiya?

Amsar a taƙaice ita ce, ba a taɓa yin wani zama guda da aka zube littattafai a gaba aka yi tankaɗe da rairaya ba. Jerin ya taso ne daga abin da jama'a suka saba karantawa a sujadar ranar Lahadi, a garuruwa masu nisa da juna, tsawon shekaru kusan ɗari uku. Shugabanni sun sa baki, ƙwarai kuwa, amma galibi a kan littattafan da ke bakin iyaka ne, kuma bayan jama'a sun riga sun yi nisa da amfani da su.

Mu fara sallamar zancen Nikiya, don shi ne mafi sauƙi. An yi taron, Konstantin ne ya kira shi, wannan gaskiya ne. Abin da ya kai su shi ne rikicin wani firist na Iskandariya mai suna Ariyus, wanda ke koyar da cewa Ɗan halitta ne, akwai lokacin da babu shi. Sun kuma tattauna ranar da za a riƙa yin bikin Ista. Abin da suka bari a rubuce yana nan har yau: shaidar bangaskiya, da wasiƙa zuwa ikkilisiyar Masar, da dokoki 20 da suka shafi naɗin bishop, da ladabtar da limamai, da karɓar waɗanda suka yi ridda lokacin tsanani. Ko ɗaya daga cikinsu bai taɓo zancen waɗanne littattafai ne Nassi ba. Mutanen da suka halarci taron kuma suka yi rubutu a kansa, irin su Yusebiyus marubucin tarihin ikkilisiya da Atanasiyus na Iskandariya, ba su ce an yi wannan magana ba. Abin lura ma, Ariyus da masu adawa da shi duk daga bishara huɗun nan da wasiƙun Bulus suke ɗauko hujja. Fassarar ayoyin ce ta raba su.

Labarin da kake ji yana da asali, amma asalin ba tsoho ba ne. Wani rubutun Helenanci na ƙarni na 9, wato shekara fiye da ɗari biyar bayan taron, shi ne ya zo da tatsuniyar cewa an ajiye littattafai kusa da bagade aka yi addu'a, sai na gaskiya suka koma sama na jabu suka zauna ƙasa. Voltaire, marubucin Faransa na ƙarni na 18, ya ɗauko ta don ya yi wa coci ba'a, daga nan ta shiga duniya. Abin da Konstantin ya yi na haƙiƙa shi ne, wajen shekara ta 331 ya rubuta wa Yusebiyus ya sa a kwafa masa kwafi 50 na Nassosi a kan fata mai kyau domin sababbin majami'un birninsa. Odar aiki ce ya bayar, bai haɗa da jerin sunaye ba. Kuma ƙasa ta tona abin da ya kashe bakin zancen: a Masar an samo kundin takardar fafirus na wajen shekara ta 200 mai ɗauke da wasiƙun Bulus a haɗe, da wani na ƙarni na 3 mai bishara huɗu da Ayyukan Manzanni. Yawancin ganyayensu suna ɗakin karatu na Chester Beatty a Dublin. An rubuta su tun ba a haifi Konstantin ba.

To in ba shi ba ne, yaya aka yi?

Kiristocin farko suna da Nassi tun ranar farko, wato Attaura da Annabawa da Zabura da suka gada daga Yahudawa. Abin da suka ƙara a kai shi ne maganar Yesu da shaidar manzanni, da baki tukuna. Wasiƙun Bulus, waɗanda ya rubuta tsakanin wajen 50 zuwa 60 da 'yan kai, an aika su ne don a karanta wa jama'a a taro. Dubi Kolosiyawa 4:16, inda ya ce in an karanta wasiƙar a wurinsu a kai ta Lawudikiya, su ma su karɓo ta can su karanta. Haka aka fara musaya da kwafa. Kafin a jima har 2 Bitrus 3:16 tana sanya wasiƙun Bulus a layi ɗaya da "sauran Littattafai". Wajen shekara ta 150, Jastin Mai Shahada yana bayyana wa sarkin Roma yadda Kirista ke sujada, ya ce ranar Lahadi na gari da na ƙauye sukan taru wuri guda, a karanta abin da manzanni suka rubuta ko littattafan annabawa gwargwadon yadda lokaci ya bari, sa'an nan shugaba ya yi gargaɗi. A nan maganar take. Duk littafin da aka miƙe tsaye aka karanta a gefen Ishaya da Irmiya, mako bayan mako, ya riga ya zama Nassi a aikace, ko da babu wanda ya sa hannu a takarda.

Wanda ya fara tilasta wa mutane su zauna su yi lissafi ɗan bidi'a ne. Marsiyon, attajirin mai jiragen ruwa daga Sinofe a gaɓar Baƙin Teku, ya zo Roma wajen 140 ya ba ikkilisiya kyautar kuɗi mai tsoka. Koyarwarsa ita ce Allahn Tsohon Alkawari daban ne da Uban Yesu. Don haka ya watsar da Tsohon Alkawari ɗungurungum, ya riƙe Luka kaɗai bayan ya datse ta, da wasiƙun Bulus 10. A 144 aka kore shi, aka mayar masa da kuɗinsa. Malamai suna saɓani kan girman tasirinsa, amma abu guda a fili yake: mutane sun gane ya rage ne domin sun san abin da ke hannunsu. Wajen 180 Ireniyus, bishop na Liyon a Faransa ta yau, ya rubuta cewa bishara huɗu ne, ba ƙari ba ragi. Hujjar da ya kawo, wai kamar yadda kusurwoyin duniya huɗu ne iskoki huɗu, ba za ta gamsar da kowa ba a yau, ni ma ba ta gamsar da ni. Sai dai mutum ba ya kawo irin wannan hujja don ya kafa sabon abu. Yana neman dalili ne ga abin da ya tarar ana yi.

In kana so ka ga ikon bishop yana aiki ido da ido, dubi abin da ya faru a Rosus, wani ɗan gari a bakin teku kusa da Antakiya, wajen shekara ta 200. Bishop Serafiyon na Antakiya ya kai musu ziyara ya tarar ana 'yar jayayya kan wani littafi da ake kira Bisharar Bitrus. Bai karanta ba. Ya ɗauka duk jama'ar a kan sahihiyar bangaskiya suke, sai ya ce in wannan ne kaɗai ke kawo musu ɓacin rai, a ci gaba da karantawa. Bayan ya koma gida labari ya iske shi cewa wasu na fakewa da littafin suna koyar da cewa Almasihu bai sha wahala da gaske ba, kamannin jiki kawai ya ɗauka. Sai ya nemi aron kwafi daga hannun masu wannan ra'ayi, ya zauna ya karanta, ya rubuta wa mutanen Rosus wasiƙa. Ya ce yawancin abin da ke ciki ya yi daidai da koyarwar Mai Ceto, amma akwai ƙare-ƙaren da aka cusa, ya jera musu su. Ya kuma ce su suna karɓar Bitrus da sauran manzanni kamar Almasihu kansa, amma rubutun da aka laƙaba wa sunansu na ƙarya suna ƙin sa, domin sun san ba a miƙa musu irin wannan ba. Lura da kalmar da ya dogara a kanta. Bai ce "na hana domin ni ne bishop" ba. Ya ce ba mu gaji wannan ba. Wani yanki na wannan bishara ya fito daga wani kabari a Akhmim ta Masar a ƙarshen ƙarni na 19, kowa na iya karanta shi yanzu. A ciki har gicciye yana tafiya yana magana.

Tertuliyan, wani malamin Kirista na Kartaj a Tunisiya ta yau, ya ba da wani labarin mai kama da wannan. Wani dattijon ikkilisiya a yankin Asiya ya ƙago littafin Ayyukan Bulus, aka gano shi, ya amsa cewa ƙaunar Bulus ce ta sa shi. Duk da haka aka sauke shi daga muƙaminsa. Akwai kuma tsohon jerin nan da ake kira Guntun Muratori, wanda aka samo a wani ɗakin karatu a Milan aka buga a 1740. Yawancin masana suna sanya asalinsa a ƙarshen ƙarni na 2, wasu kuma na 4. Marubucinsa ya ce littafin Makiyayi na Harmas yana da kyau a karanta, amma ba a gaban jama'a a majami'a ba, domin kwanan nan aka rubuta shi, lokacin da ɗan'uwan marubucin, Piyus, yake bishop na Roma. Daga irin waɗannan za ka tsinci ma'aunin da suke aiki da shi ba tare da wani ya rubuta musu shi a allo ba: shin littafin ya fito daga manzo ko wanda ya zauna da manzo? Ya dace da bangaskiyar da ake furtawa a wurin baftisma? Tsofaffin ikkilisiyoyi sun san shi, suna karanta shi?

A 303 abin ya tashi daga zancen malamai ya zama zancen rai. Sarki Diyokletiyan ya ba da umarni a rushe majami'u a ƙone Nassosi. Muna da rahoton hukuma na abin da ya faru a Sirta, garin da ake kira Kusantina a Aljeriya yanzu, ranar 19 ga Mayu na wannan shekara. Magajin gari ya shiga gidan da Kirista ke taruwa ya ce a fito da littattafai. Bishop ya ce suna hannun masu karatu, amma ga abin da ke nan. Magatakarda ya yi ta rubutawa: kofunan zinariya 2, na azurfa 6, fitilu, rigunan mata 82, takalma. Da aka matsa, sai aka fito da wani ƙaton kundi guda. Daga nan aka bi gidajen masu karatu ɗaya bayan ɗaya, wannan ya ba da huɗu, wancan biyar. Wani ba ya gida, matarsa ta fito da guda shida. Wannan rahoto yana nuna maka abu biyu. Na farko, a wancan zamani Littafi Mai Tsarki ba kundi guda ba ne da za ka saka a jaka, tarin littattafai ne warwatse a gidajen mutane, kuma ikkilisiyoyi kaɗan ne suke da duka. Na biyu, dole mutum ya san wanne ne in ya miƙa ya ci amanar bangaskiya. An ce bishop na Kartaj ya ɓoye Nassosi ya bar wa jami'ai littattafan 'yan bidi'a suka kwashe. Rikicin waɗanda suka miƙa da waɗanda suka ƙi shi ne ya raba ikkilisiyar Arewacin Afirka gida biyu fiye da shekara ɗari.

Zuwa lokacin Yusebiyus, wajen 325, ga yadda lissafin yake a littafinsa na tarihin ikkilisiya. Akwai waɗanda kowa ya yarda da su: bishara huɗu, Ayyukan Manzanni, wasiƙun Bulus, 1 Bitrus da 1 Yohanna. Akwai waɗanda ake gardama a kansu amma yawanci sun san su: Yaƙub, Yahuza, 2 Bitrus, 2 da 3 Yohanna. Akwai waɗanda ya ce ba na asali ba ne, irin su Makiyayi da Wasiƙar Barnaba. Ru'ya ta Yohanna kuwa ya rasa inda zai ajiye ta, sai ya ambace ta a wuri biyu ya bar wa mai karatu. Wato daga cikin 27 ɗin da muke da su, kimanin 20 ba a taɓa yin wata jayayya mai ƙarfi a kansu ba. Sauran bakwai ne suka sha tambaya, kuma kada wani malami ya ɓoye maka wannan. Yamma, wato Roma da Kartaj, sun daɗe suna ɗari-ɗari da Ibraniyawa domin ba su tabbata Bulus ne ya rubuta ta ba. Gabas kuma suna ɗari-ɗari da Ru'ya. Diyonisiyus na Iskandariya tun ƙarni na 3 ya lura cewa Helenancinta ya sha bamban da na Bisharar Yohanna. A ƙarshe kowane ɓangare ya karɓi abin da ɗayan ya riƙe.

Jerin farko da ya zo daidai da 27 ɗinmu, ba ƙari ba ragi, yana cikin wasiƙar Ista da Atanasiyus bishop na Iskandariya ya aika wa ikkilisiyoyin Masar a 367. Majalisun yanki suka biyo baya, ta Hippo a 393, wato Annaba ta Aljeriya a yau, da ta Kartaj a 397 da 419. Dubi yadda Afirka ta yi kane-kane a wannan tarihi. Majalisun nan ba na duniya duka ba ne, kuma yadda suka tsara maganarsu ita ce kada a karanta komai a majami'a da sunan Nassi sai waɗannan, domin su muka karɓa daga iyayenmu. Suka ƙara da cewa a tuntuɓi ikkilisiyar ƙetaren teku, wato Roma, don ta tabbatar. Ko bayan haka ba kowa ya bi nan take ba. Kundin Sinai, wani tsohon kwafin Littafi Mai Tsarki na ƙarni na 4, yana da Wasiƙar Barnaba da Makiyayi a bayan Ru'ya. Fassarar Suriyanci da ake kira Feshitta littattafai 22 ne a Sabon Alkawarinta, babu 2 Bitrus, 2 da 3 Yohanna, Yahuza da Ru'ya.

Ina ganin dalilin da ya sa labarin Konstantin ke saurin shiga kunne a wajenmu shi ne mun san tarihin Halifa Usman, wanda ya sa aka rubuta mus'hafi guda aka aika garuruwa, aka kawar da sauran kwafe-kwafen. Sai mutum ya zaci dole Kirista ma suna da irin wannan rana. Ba su da ita, domin a shekaru ɗari ukun farko ba su da gwamnati, su ake farauta. In ana neman abin da ya fi kusa, sai dai yadda littattafan hadisi shida suka samu matsayinsu: ba sarki ne ya zaɓe su ba, karɓuwa ce a wurin malamai sannu a hankali, har an daɗe wasu na sanya Muwaɗɗa ta Imam Malik a gurbin Ibn Majah. Kwatancen a kan hanyar karɓuwa kawai ya tsaya, ba a kan matsayin littattafan ba.

Yanzu ga 66 da 73. Sabon Alkawarinku ɗaya ne da na maƙwabcinka, 27 cif. Bambancin duk a Tsohon Alkawari yake: Tobit, Yudit, Hikimar Sulemanu, Sirak, Baruk, 1 da 2 Makabiyawa, da wasu ƙarin sassa a Esta da Daniyel. Littattafan Yahudawa ne, an rubuta su a ƙarnukan ƙarshe kafin haihuwar Almasihu, amma ba su shiga jerin Ibrananci da malaman Yahudawa suka tsaya a kai ba. Yosifus, ɗan tarihin Yahudawa, wajen shekara ta 95 ya ce littattafansu 22 ne, kuma yawancin masana na ganin kusan su ne 39 na Furotesta in aka bi yadda suke haɗa wasu biyu-biyu. Kirista kuwa yawancinsu ba sa jin Ibrananci. Da fassarar Helenanci ta Iskandariya, Seftuwajin, suke karatu, kuma manyan kundayen Kirista na wannan fassara suna ɗauke da waɗannan ƙarin littattafai, ko da yake ba kowane kundi ne ke da adadi iri ɗaya ba.

Nan manyan malamai biyu suka rabu. Jerom, wanda ya koyi Ibrananci ya zauna a Baitalami yana fassara zuwa Latin, ya ce abin da babu shi a jerin Ibraniyawa a karanta shi don gina jama'a, amma kada a kafa koyarwa da shi. Agustin na Hippo ya ce abin da ikkilisiyoyi suka saba karantawa shi ne abin bi, kuma ra'ayinsa ne majalisun Hippo da Kartaj suka ɗauka. Shi kansa Atanasiyus yana tsakiya: ya sanya Baruk a ciki, ya fitar da Hikima, Sirak, Tobit, Yudit, har da Esta, ya ce waɗannan na karanta wa sababbin tuba ne. Shekara dubu aka yi a haka, ana kwafa littattafan duka a kundi guda, ana karanta su a sujada, malamai kuma suna maimaita ra'ayin Jerom ba wanda ya kira su 'yan bidi'a. Har Kadinal Kajetan, wanda Fafaroma ya tura ya tuhumi Martin Luther, jagoran Furotesta na farko, a 1518, ra'ayin Jerom yake bi a wannan batu.

Abin da ya mai da saɓanin malamai ya zama katanga shi ne rikicin ƙarni na 16. A muhawarar Leipzig ta 1519 aka kawo wa Luther 2 Makabiyawa 12, inda aka yi addu'a da hadaya domin matattu, a matsayin hujjar wurin tsarkakewa bayan mutuwa. Ya ce littafin ba ya cikin jerin da ake kafa hujja da shi. A fassararsa ta Jamusanci ta 1534 bai jefar da su ba, ya tara su tsakanin Alkawari biyu ya rubuta cewa ba daidai suke da Nassi ba amma suna da amfani, suna da kyau a karanta. Shi ma fa bai tsira daga son zuciya ba: a 1522 ya tura Ibraniyawa, Yaƙub, Yahuza da Ru'ya can ƙarshe bai ba su lamba ba, ya kira Yaƙub wasiƙar ciyawa. Mabiyansa ba su bi shi a wannan ba, kuma sun kyauta. Majalisar Katolika da ta zauna a garin Trent ta mayar da martani ranar 8 ga Afrilu 1546, ta jera littattafan duka a matsayi ɗaya, ta la'anci wanda ya ƙi. Don haka masu cewa Katolika sun ƙara littattafai a 1546 ba su faɗi daidai ba, tun 393 jerin yake, an kuma maimaita shi a majalisar Florence a 1442. Masu cewa Luther ya yage littattafai bakwai daga Baibul su ma ba su faɗi daidai ba. Bugun Ingilishi na Sarki James na 1611 ma yana ɗauke da su. Ɓacewarsu daga bugun Furotesta ya kankama ne bayan 1826, lokacin da ƙungiyar buga Baibul ta Birtaniya ta yanke cewa ba za ta ƙara kashe kuɗinta wajen buga su ba. Ita ce kuma ta buga cikakken Littafi Mai Tsarki na Hausa a 1932, aikin da Dokta Walter Miller na Zariya ya yi fice a cikinsa. Ka ga ta inda 66 ta iso hannunka. Otodoks na Girka da Rasha suna da ƙari a kan na Katolika, irin su 3 Makabiyawa da Zabura ta 151, Habasha kuma suna lissafa 81, har da littafin Anuhu wanda Yahuza ya ɗauko magana daga cikinsa a aya ta 14 da 15.

Saura tambayarka ta ainihi, wa ya ba wa iko. Ɗan Katolika zai kawo maka maganar Agustin cewa da ba zai gaskata bishara ba in ba don ikon ikkilisiya ya motsa shi ba, ya ƙara da cewa babu ayar da ta jera sunayen littattafan, don haka shafin farko na Baibul ɗinka al'adar ikkilisiya ce. Ɗan Furotesta zai kawo John Calvin, ɗaya daga cikin jagororinsu na ƙarni na 16, wanda ya ce Nassi yana shaida kansa kamar yadda fari ke bambanta da baƙi, zaƙi da ɗaci, Ruhu Mai Tsarki kuma yana tabbatar da shi a zuciya. Ikkilisiya an gina ta ne a kan harsashin manzanni da annabawa, ba za ta zama alƙalin harsashinta ba.

A nawa ganin, kowannensu yana da inda takalmi ke matsa masa. Maganar Calvin tana da ƙarfi a kan Romawa ko Bisharar Yohanna, amma ka ba mutum Esta da Yudit ba tare da suna ba ka ce ya ji a zuciyarsa wacce ce hurarriya, za ka ga aiki. Babu ɗayanmu da ya tantance 66 da kansa, miƙo mana aka yi, kuma ɗan Furotesta mai gaskiya ya kamata ya amsa cewa ya dogara da shaidar ikkilisiyar farko. A ɗaya gefen, mai cewa "coci ce ta yi Baibul" ya wuce inda cocinsa ta tsaya. Majalisar Batikan ta Farko a 1870 ta faɗa a sarari cewa ikkilisiya ba ta riƙe littattafan da tsarki don ita ta amince da su daga baya ba, sai don an rubuta su da hurawar Ruhu Mai Tsarki, Allah ne mawallafinsu, a haka kuma aka miƙa mata su. Tarihi ma bai nuna Roma tana yanka wasu na ɗauka ba. A zancen Ibraniyawa, Roma ce ta bi Gabas. Abin da ya rage tsakaninsu na gaske shi ne ko shaidar ikkilisiya tana iya kuskure. Katolika sun ce a irin wannan batu ba ta kuskure, Furotesta sun ce tana iyawa, ko da yake sun gaskata ba ta yi ba a kan 27 ɗin. Wannan tambayar tauhidi ce, takardun tarihi ba za su raba muku gardamar ba. Shawarata dai, ko wane ɓangare kake, ka nemi 1 Makabiyawa ka karanta. A cikinta za ka ga asalin Idin Tsarkakewa da Yesu ya halarta a Yohanna 10:22.

Game da Barnaba, kada a haɗa maka abu biyu. Wasiƙar Barnaba tsohuwa ce, ta ƙarshen ƙarni na 1 ko farkon na 2, ita ce ke cikin kundin Sinai, kuma tana koyar da mutuwar Almasihu a kan gicciye. Bisharar Barnaba da ake sayarwa a kasuwa daban ce. Wani tsohon jerin Latin ya ambaci bishara mai wannan suna cikin waɗanda aka ƙi, amma babu abin da ya nuna ita ce wannan. Wadda ke yawo an san ta ne daga rubutun hannu biyu, na Italiyanci da ke Biyana, babban birnin Ostiriya, da na Sifaniyanci, kuma ba wanda ya girmi ƙarshen ƙarni na 16 a cikinsu. An buga ta da Ingilishi a 1907, da Larabci a Alƙahira a 1908, daga nan ta bazu. Marubucinta ya sa Yesu ya shiga jirgin ruwa zuwa Nazarat, garin da ke kan tudu nesa da tafki. Ya kuma sa Yesu yana cewa shi ba Almasihu ba ne, abin da ya saɓa wa Linjila huɗu, ya kuma saɓa wa Alƙur'ani da ke kiransa Almasihu Isa ɗan Maryam.